Kwabban Gindin Marke

Masu tonon kufai sun san Nomau, kuma har yau in an ambaci sunansa sai hira ta mutu, kowa ya dubi ƙasa. To ga abin da ya same shi.

Nomau mutumin Sabuwar Marke ne, wani ƙauye a bakin titi. Ya yi shekaru yana bin masu haƙar zinare cikin hamada, bai dawo da komai ba sai tari da wata na'urar gano ƙarfe, doguwar sanda mai faifai a gindi da abin ji da ake maƙalawa a kunne. In ka shafa faifan bisa ƙasa ya bi ta kan ƙarfe, sai ta yi maka ƙara. Da zinare ya ƙi shi, sai ya koma bin kufai, wato garuruwan da aka tashi aka bari, yana tono tsofaffin kuɗi, su anini da sisi da taro da kwabo mai huji. Akwai wani dillali a birni da ke saye yana kai wa masu tarawa da maƙeran zobe. Dillalin nan ba ya ƙaunar tsatsa, saboda haka Nomau ya ƙware a wanki. Ya jiƙa su a ruwan tsamiya, ya dirje da toka, har sai sun yi ƙyalli kamar yau aka buga su. Yana ji da wannan gwaninta tasa ƙwarai, kai ka ce shi ya ƙirƙiro toka.

Ba shi da kowa a duniya sai yayarsa Ayashe. Uwarsu ta rasu wurin haihuwarsa, Ayashe ce ta goye shi tun ita ma ba ta gama girma ba, ta ɗura masa madarar akuya, ta yi masa tsarki, ta yi masa faɗa. Yanzu ga shi da furfura a gemu amma Auta take kiransa. Abu ɗaya ta taɓa hana shi game da sana'arsa: kada ya taɓa Tsohuwar Marke, garinsu na asali da aka tashi daga cikinsa lokacin da rijiyoyi suka ƙafe. Ya tambayi dalili, ta ce a bar maganar.

Wani rani kufai suka yi masa rowa, ya zaga ko'ina ba ya tono komai sai ƙusa da guntun fartanya. Sai ya saɓi na'ura da daginsa na haƙa, bai gaya wa kowa ba, ya nufi Tsohuwar Marke. Yana isa gindin babban marken da aka sa wa garin sunansa, na'ura ta ɗauki ihu ba tsayawa. Ya sa dagi. Kwabo mai huji ne, an zura masa zare an ƙulle. Ya matsa kaɗan, wani. Kowane da raminsa, kowane da irin zarensa, wani baƙi, wani saƙi, wani ja. Murna ta hana shi tambayar kansa wane irin mai dukiya ne zai binne kuɗinsa ɗaya-ɗaya. Ya cika jaka, ya zauna nan inuwa ya hura wuta, ya tsintsinke zarurrukan ya watsa a ciki, ya wanke kwabban nan tas.

Da ya iso gida sai ya tarar da maƙwabciyarsu Tabawa zaune a ɗakin Ayashe tana yi mata fifita. Tabawa ta ce tun azahar ta yanke jiki ta faɗi a bakin turmi, ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ƙarfi ne kawai ke zurarewa. Nomau, don ya faranta mata rai, ya juye jakar a kan tabarma.

Ayashe ta daɗe tana kallonsu. Ta ce, “Auta, ina ka tono waɗannan?”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Gindin marke, Yaya.”

“Ina zaren?”

“Na ƙone.”

Ta rufe ido ta yi salati a hankali. Tabawa, wadda baƙuwa ce a garin, aure ya kawo ta, ta dubi wannan ta dubi wancan. Can Ayashe ta ce, “Laifina ne da ban gaya maka ba, amma abin mata ne, ba a faɗa wa maza. Garinmu garin wabi ne a da. Mace ta haifa ta binne, ta haifa ta binne. Innarmu ta binne har ta gaji kafin ni. Sai tsofaffi suka yi alkawari da mutanen ɓoye na gindin marke. Mace ta zare zare daga majanyin goyonta, ta zura a kwabo, ta yi masa waƙar da take yi wa jaririn, ta binne. Su riƙe kwabon, su bar mata ɗan. Rai na Allah ne, Auta, ban ce ba. Amma tun da aka binne nawa ban kwanta ciwo ba sai yau. Kuma ba ni kaɗai ba ce, akwai tsofaffi da yawa a garuruwa da ka kwantar.”

Gari na wayewa Nomau ya kwashi kwabban da kayan aikinsa ya koma kufai. Ya saka ɗaya a rami ya rufe, ƙasa ta tofo shi waje. Ya sake, ya danne da dutse, dutsen ya mirgine. Haka ya yi ta fama har rana ta take tsaka, inuwar marke ta tattare a gindinsa.

Sai ya ji an ce, “Ƙasa ba ta karɓar abin da ba shi da suna, ya kai ɗan Adam.”

Ya waiwaya ya ga wani gajeren tsoho zaune a kan saiwa, kunnuwansa dogaye har ya naɗa su a ka kamar rawani. Nomau ya durƙusa ya yi sallama. Tsohon ya amsa ya ce, “Ni mai gadin ƙofa ne, ranar da ka zo na tafi bikin suna, ka yi mini ɓarnar da ba a taɓa yi mini ba. Ba ni da maganinta. In kana son ran 'yar'uwarka, sai ka je gaban Uwar Ajiya da kanka. Kada ka ɗauki abin da ba naka ba a hanya, wanda ka riga ka ɗauka ya isa haka.” Ya buga saiwar da diddige, ta buɗe kamar bakin rumbu, Nomau ya yi bisimilla ya shiga.

Ya faɗo a bakin wani kogi ja wur, ruwansa kauri kamar kunu. Wannan shi ne Kogin Tsatsa, inda duk ƙarfen da ya ɓace wa 'yan Adam yake taruwa. Allurai na iyo a cikinsa garke-garke, ga 'yan kunne wari-wari, ga makullan gidajen da suka rushe. Wani jirgi ya matso gaɓa. Mai tuƙin ba shi da ƙafafu, daga ƙugu jikinsa ya haɗe da katakon jirgin.

Ya ce, “Ba na ƙetare da kowa sai ya ba kogi abin da ya yi laifi da shi.”

Nomau ya rungume na'urarsa. Mai jirgi ya ce, “Ba ita ba. Ita ji kawai ta yi. Wanda ya huda ƙasa.” Nomau ya jefa dagin, kogi ya haɗiye.

Suna tsakiyar ruwa sai ga zinare ya taso, curi-curi kamar ƙwallon goriba, yana gugar gefen jirgi. Abin da ya ƙone ƙuruciyarsa a hamada yana nema bai gani ba, yau ga shi yana binsa kamar kajin gida. Wallahi hannunsa ya miƙe da kansa. Sai ya tuna fuskar Ayashe a kan tabarma, ya janye hannayen ya zauna a kansu har suka kai ɗaya gaɓar.

Daga nan ya shiga wani fili da ba shi da iyaka, duk ramuka, ba ciyawa ko ɗaya. Mutane ne cike da shi, maza da mata, a durƙushe suna tonon ƙasa da farce. Waɗannan su ne suka binne dukiya a duniya suka mutu ba su gaya wa magada ba, yanzu su ma sun manta wurin. Da suka hango na'ura sai suka miƙe gaba ɗaya. Wani tsoho mai yagaggiyar babbar riga ya riga su isowa, ya kama ƙafarsa.

“Ɗan samari, don girman wanda ya halicce ka, tukunyata. Ƙarama ce, mai murfin ƙwarya.”

Nomau yana sauri, amma ya dubi yatsun tsohon nan da suka cinye har gaɓa, ya kasa wucewa. Ya kunna na'ura ya shafa nan, ya shafa can, ta yi ƙara a bayan tsohon, daidai inda yake zama ya huta. Suka tono tare. Tsohon ya buɗe murfin, ya leƙa, ya daɗe.

Ya ce, “Ashe iyakarta ke nan.” Ya ajiye ta gefe. “Kai kuma wurin Uwar Ajiya za ka, na ga jakarka. Rufe ido ka bi ƙamshin kunun kanwa.” Ya kwanta ya yi matashi da hannunsa, barci ya ɗauke shi nan take.

Sauran suka yo kan Nomau suna roƙo, kowa na kwatanta tukunyarsa. Da ya tsaya musu da har yau yana can. Ya runtse ido ya zura da gudu, yana faɗawa ramuka yana tashi, suna jan rigarsa har ta rabu biyu, shi dai hancinsa yake bi. Da ƙamshin ya cika masa ƙirji, ya haɗu da hayaƙin itacen wankan jego, sai ya ji hannuwa sun sake shi.

Ya buɗe ido a cikin wani ɗaki mai faɗin kasuwa. Bangon duk ƙananan alkukai ne, kowane da 'yar fitilarsa. A gefe guda fitilun na ci lafiya, a ɗaya gefen kuwa sai lumshewa suke suna farfaɗowa. A tsakiya wata tsohuwa ce zaune, girmanta ya kai rumbu, ta ɗaura majanyu bisa majanyu a bayanta, ba ɗa ko ɗaya a ciki. Tana dama kunu a wata babbar tukunya. Ya zube ya kwashi gaisuwa. Ya so a ce ta yi masa tsawa, amma da ta ɗago sai ya ga gajiya ce kawai a fuskarta, wannan ya fi tsawa ciwo.

Ta ce, “Kai ne mai wanki.”

“Ni ne, ranki ya daɗe. Na zo in mayar da abin da na ɗauka bisa jahilci.”

“Zuba su nan.”

Ya juye. Suka yi ta ƙyalli a gabanta, duk iri ɗaya. Ta ɗauki guda ta shinshina ta ajiye.

“Ya kai ɗan Adam, da ka zo da su da dauɗarsu, da na mayar da kowane gurbinsa kafin ka gama sallama. Tsatsar nan da ka dirje gumin tafin uwa ce. Zaren da ka ƙone da shi nake gane wane na wane. Amana aka ba ni, na riƙe ta tun kakanninka na rarrafe, ban taɓa haɗa ɗan wata da na wata ba. Kai ka haɗa su a yini guda don wani mutum a birni ba ya son datti.”

Nomau ya fashe da kuka, kuka irin na yaro, da majina da komai. Ya ce, “A ɗauki raina a bar nata. Ita ta goye ni.”

“Ba ni da iko da ranka, ba ni da iko da nata. Mai rai shi ke karɓar abinsa. Ni mai ajiya ce.” Ta ci gaba da juya muciya. “Abu ɗaya ne toka ba ta ci ba. Miƙo sandar nan taka.”

Ta hura wa faifan iska mai ɗumi. Ta ce ya gwada. Ya maƙala abin ji, ya shafa faifai kan kwabo ɗaya. Maimakon ƙara sai ya ji muryar mace, ƙasa-ƙasa, tana lallashin jariri da waƙa. Ya matsa kan wani, wata muryar daban, mai kaushi, tana yi tana shessheƙa.

Uwar Ajiya ta ce, “Wanda ka binne ka ambaci sunan uwar da na ɗan, ƙasa za ta karɓa, fitilarsa ta miƙe, muryar kuma ta koma ƙasa, ba mai ƙara jinta. Wanda mai shi ya riga ya cika, ya zama ƙarfe kamar kowane ƙarfe. To nemi muryar uwarka, tana jikin kwabon yayarka.”

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mata na ta waƙa a kunnensa, kowace da ɗanta a zuciya. Ya kai ƙarshe ya sake dawowa farko. Sannan ya cire abin jin ya riƙe a hannu.

“Ranki ya daɗe, ban san muryarta ba. Ranar da na zo ta tafi.”

Tsohuwar ta dube shi, a karon farko tausayi ya bayyana a idonta. Ta ce, “To kai wa wadda ta sani, kuma kada ka tsaya shan ruwa a hanya.” Ta kwance majanyi ɗaya ta naɗe shi da kayansa, ta wurga. Ya buɗe ido a gindin marke, rana na nan tsaka inda ya bar ta.

Ya tarar da Ayashe ta ƙara zubewa, idanu sun faɗa. Ya ba ta labari a gurguje, ya maƙala mata abin ji, ya riƙe sanda yana shafawa a kan kwabban. Na farko ƙara kawai ya yi, ta ce Allah ya ji ƙan mai shi. Na biye ta zabura.

“Goggo Dije mai ƙuli ce. Allah sarki, har da tsamin bakinta. Ɗanta Barau ne, yana can gabas da jikoki.”

Haka ta yi ta kiran su. Ta san matan nan duka, ta ci tuwonsu, wasu sun dungure mata kai. Wata ta sa ta dariya, wata ta sa ta hawaye. Kowane aka shafa sai Nomau ya leƙa fuskarta ya ce, “Muryar Inna ce, Yaya?” Ta ce, “Ba ita ba ce.” Ba ta iya yin da yawa a zama ɗaya, numfashi ke yanke mata. Da suka taru kaɗan sai ta ce ya kai su.

Ya ce, “Mu fara samo naki tukuna.”

“In ta zo zan ji ta, ina za ta? Waɗancan ma 'ya'yan wasu ne, suna kwance kamar ni. Tashi ka je. Bar mini na'urar, Tabawa za ta riƙe mini sanda.”

Ya tafi. Ba dagi, da yatsu ya tona, ya saka kwabo, ya ce wance uwar wane, ƙasa ta rufe bakinta lafiya lau. Ya dawo ya tarar an ware masa wasu, Tabawa ta ƙulla kowane a ƙyalle, Ayashe ta nanata masa sunayen har ya riƙe. Haka ya yi ta zarya tsakanin gida da kufai, farcensa suka fita, ya naɗe yatsun da tsumma ya ci gaba. Labari ya fara zuwa daga garuruwa: tsoho wane da aka fara yi wa shimfiɗa ya tashi ya ce a ba shi fura, wance ta miƙe har ta je rijiya. Ayashe kuwa sai ƙara lafewa take a tabarma, amma fuskarta ta yi wani irin sanyi, kamar ta wadda ta dawo daga ganin gida. Nomau ya ɗauka alamar sauƙi ce.

Ranar da aka zo kan na ƙarshe, ya tsaya a kanta ya ce, “Yaya, sun ƙare. Ba ki ji ta ba?”

Ta ce, “Wataƙila ka yar da shi a gindin marken. In ka binne waɗannan ka duba da kyau. Zo nan tukuna.” Ya durƙusa. Ta shafa kansa da hannun hagu, ta ce, “Dubi yadda ka rame. Ka riƙa cin abinci, Auta.”

Ya binne na ƙarshen, sannan ya bi gindin marken nan da rarrafe, yana tankaɗe ƙasa da tafin hannu, yana ɗaga kowane ganye, yana tona tokar wutar da ya hura. Bai samu komai ba. Da la'asar ya juyo gida yana shirin ya ɗauki na'ura ya koma. Tun daga nesa ya hango an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansu, maza na zaune.

Bayan an dawo daga maƙabarta Tabawa ta kira shi cikin gida. Ta kwance bakin zanenta ta ɗora masa kwabo a tafi.

“A hannunta na dama muka same shi wurin wanka, da ƙyar muka buɗe yatsun. Tun ranar da ka fara bar mana na'urar ta gane shi. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba. Kana fita sai ta ce in riƙe mata sanda a kansa, ta yi ta ji har ka dawo.” Tabawa ta share ido da gefen mayafi. “Ta ce in gaya maka kada ka ɗora wa kanka. Ta ce ta yi shekaru tana neman muryar nan a kanta ta kasa tunowa, ba za ta iya mayar da ita ƙasa da hannunta ba. Ta so ta sa maka a kunne ko sau ɗaya, amma ta san halinka, kana ji za ka ƙwace ka ruga ka binne.”

Nomau ya ce, “Me waƙar ke cewa?”

“Ba ta faɗa ba. Leɓɓanta kawai nake gani suna motsi.”

Ya shiga ɗakin. Na'urar na jingine inda Tabawa ta bar ta, kusa da tabarmar da aka naɗe. Ya ajiye kwabon a ƙasa, ya maƙala abin ji, ya danna shi da tafukansa biyu sosai, sannan ya ɗauki sandar da yatsunsa masu tsumma ya shafa faifan a hankali. Ta yi masa ƙara, irin wadda take yi a kan kowace tsohuwar ƙusa. Ya ɗaga ya sake shafawa.